Rubutun da Ya Tafi da Baya

Ranar Asabar da hantsi aka tarar ɗaya daga cikin randunan gwamnati ba ta nan.

Manyan tankunan ruwa ne na ƙarfe, kowane sai mutum ya hau turmi kafin ya leƙa cikinsa, amma mutanen Dogon Dutsi ba su taɓa kiransu da wani suna ba sai randunan gwamnati. Shekara ta biyu ke nan da samun mulkin kai. Shida aka kawo don a kafa a bakin rijiyoyin ƙauyuka, aka jera su a wani fili bayan gari, gindin dutse, inda Mani tsohon soja yake buga wa kowace sunan garin da za ta. Ta Tungar Yaro an kai ta tun makon jiya. Biyar ya kamata a gani, sai aka ga huɗu. Wadda ta ɓace kuwa ita ce ta Rijiyar Kalgo, inda makiyaya ke shayar da shanu.

Kafin azahar gari ya gama shari'a. Mahauta suka ce Fulani ne suka gaji da jira. Mata a bakin rijiya suka ce tun farko an faɗa, gindin dutsen nan hanyar aljana doguwa ce, ba a tara mata ƙarfe. Amma mafi yawa tambaya ɗaya suka yi: filin a hannun wa yake? Masu gadin aikin su biyu suka kama Mani suka kulle a wani ɗakin siminti bayan buro, ofishin aikin. Aka ce ranar Laraba, in kamyo, motar kaya, ya zo, za a tafi da shi Doso a miƙa wa jandarma.

A'i matar Mani ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗaura gyale ta nufi ruga wajen Sambo.

Sambo Bafulatani ne da ya haura sittin, siriri kamar sandarsa, kuma duk Arewa, ƙasar Arawa, ba mai bin sawu irinsa. An ce ya taɓa bin saniya ɗaya daga Kiyeshe har bakin iyaka bayan an yi ruwa biyu a kan sawun. Shi da Mani taubasai ne, abokan wasa, Bafillace da Ba'are, shekara talatin ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Baffa Sambo," in ji A'i, "sun kama bawanka."

"Wane daga ciki? Arawa duk bayina ne."

Ba ta yi dariya ba. Da ya ga haka sai ya jawo takalmansa na fata, ya rataya goransa.

*

Filin ya zama kamar masussuka. Duk mai ƙafa a garin ya zo kallon inda randa ba ta. Sambo ya tsaya bakin shinge yana tsaki.

"An ce gari da mutane, maƙiyin sawu ke nan."

Duk da haka ya zaga, ya duƙa, ya busa ƙasa. Can ya samu sawun amalanken shanu, ya shigo da sauƙi ya fita da nauyi, ya yi kudu. Kusa da shi akwai sawun ƙafa ba takalmi, ta hagu yatsu huɗu. Sannan a gindin shinge, inda ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba, ya ga dunduniya biyu na takalmi sau ciki, mai ƙusoshi. Dunduniya biyu tak. Sun isa su ce takalmi ne, ba su isa su ce na wa ba.

"Zo ki nuna mini yadda mijinki ke wanga aiki," ya ce.

A'i ta kai shi rumfa. A jikin dirka an rataye wasu dogayen ƙyallaye masu ƙananan idanu, kowane da sanda a bakinsa biyu. Mani rariya yake ce musu. Ta ce akawu ke zana masa haruffa a takarda, shi kuma ya shimfiɗa ƙyalle a kai, ya toshe ko'ina da ƙaro ya bar wurin haruffan. Da yake cikin randa a lanƙwashe yake, ba a sa wa rariyar katako, sai a naɗa ta a jikin ƙarfen a ɗaure da igiya. Sai ya zuba farin fenti a gefe, ya ja shi da guntun robar taya, ja ɗaya, ya kware. Suna ya fito, da wata da'ira kamar rana a gefensa.

"A yaƙi ya koya, jikin motocin soja," ta ce. "In ya ƙare sai ya wanke da kananzir. Ko ɗiya tasa bai wanke wa ido haka."

Ta bi dirkar da kallo, sai ta dafe ƙirji.

"Baffa, ɗaya ba ta nan. Ta Tungar Yaro, mai faci a tsakiya."

*

Ɗakin da aka kulle Mani taga ɗaya gare shi, mai sandunan ƙarfe. Sambo ya leƙa.

"Kai Ba'are, yunwa ce ta sa ka haɗiye randa?"

"Fillo," in ji murya daga ciki, "ka zo ka ga ko sun bar maka fatata ka yi salkar ruwa?"

Mani ya matso. Hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma, ya kumbura ya yi kamar gwanda. Masu gadi sun ɗora hannun a bakin ƙofa sun datse, suna tambayarsa wa ya sayar wa, sau uku. Sambo ya kawar da kai, ya dubi wani ƙadangare a bango.

"Su wa ke zuwa wurin aikinka?"

"Kowa. Alhaji Tukur yakan zo neman tsohon ƙarfe. Mushe Usman akawu shi ke kawo takarda. Farzidan Sha'ibu kuwa kullum, tun da shi ne shugaban kwamitin rijiyoyi. Har gwada ni yake. Shi ce, 'Mani, wace ce ta garinmu Tungar Yaro?' In nuna mai rariyar nan mai faci, shi ce, 'Madalla, ka ci.'"

"Kai da ba ka san ko alif na nasara ba, ƙaƙa kake sanin gaba da bayan ƙyalle?"

Mani ya yi wata 'yar dariya mai ciwo.

"Duba sandunan. Kowace rariya na ɗaura mata tuntun jar fata a sanda guda. Ja a hagu, rana a hagu. Wani kofur ya koya mini da mari. Shekara ashirin ban taɓa juya ta ba."

*

Mai yatsu huɗu ba a wahalar nemansa. Idi ne mai amalanke, wanda sa ya taka tun yana saurayi. Sai dai Sambo ya tarar da shanun a turke, Idi ba ya nan. Matarsa Kubra tana surfe, ba ta ko ɗago ba.

"Ya tahi Kabi cin rani."

"Cin rani ana shirin shuka?"

"Ni dai haka ya ce."

"Ran Juma'a, sa'adda kowa ke masallaci ko kasuwa, wa ya kira shi aiki?"

Taɓarya ta tsaya a sama. Kubra ta waiga ƙofa, ta rage murya.

"Baffa, ɗiya huɗu gare ni. Ya ce an nuna mai takarda, an ce aikin gwamnati ne. Talaka ya ga takarda ya ce mi?"

"Wa ya nuna?"

"Mai takarda," ta ce, ta ci gaba da surfenta da ƙarfi kamar geron ne ya yi mata laifi.

Da labarin gudun Idi ya bazu, gari ya ƙara tabbata: Mani da Idi bakinsu ɗaya.

*

Lahadi da sassafe Sambo ya ɗauki sawun amalanken. Bai bi hanyar mota ba, ya bi ta cikin sabara da kalgo, wuni guda, har ya ɓullo Tungar Yaro da la'asar. A bakin rijiyar gari ya ga randar da aka kawo musu, kore shar, farin rubutu a cikinta tsaf. Ya tsaya ya dube ta yadda yake duban sawun saniyar da zai bi. Bai san abin da haruffan ke cewa ba, amma ya ga inda kowane ya sa gaba.

Sawun bai tsaya nan ba. Ya gangara fadama, inda lambuna uku suka haɗa rijiya ɗaya. Ga randa can a ƙarƙashin giginya, an shafe tsohon sunan da sabon koren fenti, an buga wani a kai. Farin ya yi hawaye har ƙasa. Sambo ya zaga ta sau biyu, ya tsuguna.

Haruffan nan su ne na bakin rijiya, ba ragi ba ƙari. Amma rana tana dama. Haruffa masu ciki a gaba sun koma da ciki a baya. Ya tuna ɓarayin shanu da ke jan saniya ta wutsiya don sawu ya yi ƙarya.

"Wanga rubutu da baya shike tahiya," ya ce wa giginya.

A cikin duhuwar wata geza ya tsinci rariyar mai faci, an cusa ta, fenti ya bushe ta ƙage kamar ƙirgi. Tuntun jar fata na nan a sandarta.

Wani dattijo mai ƙiba ya fito daga lambu yana fifita da hula. Alhaji Tukur ne, mai sayen tsofaffin ƙarafa.

"Alhaji, lambunan ga na su wa?"

"Nawa, na Mushe Usman, na Farzidan. Kada ka dube ni haka, Fillo. Jiya na zo na ishe ta, na ce gwamnati ta tuna da albasa."

"An ce kana son ƙarfe."

"Matacce nike saye. Mai sunan gwamnati a goshi, ai wanga ba ƙarfe ba ne, sammaci ne." Ya ɗaga ƙafa ya nuna takalminsa fade. "Kuma in sau ciki kake nema, ni ƙafata ba ta shiga kurkuku."

*

Mutum biyu ne kaɗai ke sa sau ciki a wannan aiki, kuma a kanti ɗaya suka saya. Litinin Sambo ya komo gari ya sami na farko, Mushe Usman, saurayi ramamme da ya yi lakwal, makarantar boko, a Yamai. Da ya ji yadda rubutun ya fito, sai ya yi dariya, dariyar da ta fi ƙarfin maganar.

"A juye? To ai magana ta ƙare, tsoho. Jahili ne ya buga. Wanda ya yi ko aji ɗaya ba zai aza rubutu a juye ba, idonsa ba zai yarda ba. Wa ke taɓa ƙyallayen nan bai iya karatu ba? Mani."

"Mushe, ran Juma'a ina kake?"

"Nan, ina buga rahoto." Ya goge goshi, ko da yake da inuwa. Idonsa ya tafi ƙofar ɗaya ɗakin ya dawo.

Ƙofar ta buɗe, Farzidan Sha'ibu ya fito. Dogo ne mai tabarau, alƙalumma uku a aljihu, jarida a hammata. Kowa ya san ya yi shekaru a Kwatano, can bakin teku, ya komo yana cewa can ya yi karatu mai zurfi.

"Wannan ne mai sunsunar ƙasa?" ya ce. "Tsoho, zamanin bin kashin shanu ya wuce. Yanzu ƙasa ta takarda ce."

"Haka ne, ranka shi daɗe."

Sambo ya fita ya zauna gindin bishiyar bedi, ya rasa inda zai sa kansa. Ƙafa ta ce ɗan boko, hannu ya ce jahili. In Usman ne, rubutu ba zai juye ba. In Mani ne, tuntu ba zai bari ba, kuma ba zai jefar da rariyarsa da fenti a ido ba. Ko mutum biyu ne? Amma a gindin giginya, inda fenti ya ɗiga, a kan bakin sau ciki ya ɗiga, ya ga inda aka goge shi a jikin saiwa. Mai takalmin shi ne mai robar.

Sai maganar Mani ta faɗo masa: wace ce ta garinmu? Madalla, ka ci.

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Makiyayin da ya san saniyarsa ba ya tambayar yaro wace ce.

*

Talata da hantsi Babban Mushe mai kula da aikin rijiyoyin ya iso daga Doso a ƙaramar mota. Sambo ya roƙi arziki a tara mutane a filin Mani. Aka fito da Mani aka zaunar a rana. Alhaji Tukur ya zo, Usman ya zo, Farzidan ya zo ya sa aka kawo masa kujera. Gari ya kewaye shinge.

"Ranka shi daɗe," in ji Sambo, "ni ban san takarda ba. So nike masu lambu ukun nan kowa ya aza rariya a jikin randa, in ga yadda masana ke yi, ko na gane kuskuren bawan ga nawa."

Aka yi dariya. A'i ta miƙo masa rariya ɗaya, wadda suka shirya tun da safe. Sambo ya russuna a gaban kujera.

"Babba shi ke farawa. Ga ta Rijiyar Kalgo, wadda anka sace."

Sha'ibu ya gyara tabarau. Ya miƙe, ya ware ƙyallen. Tun yana yaro a makarantar allo ya san abu ɗaya tabbas, rubutu daga dama yake farawa, kuma rana ita ce farko. Ya manna ƙyallen a jikin randa, rana a dama, tuntu yana lilo a dama. Ya bi haruffan da alƙalami, ya karanta da murya irin ta rediyo:

"Ri-ji-yar Kal-go."

Babban Mushe ya cire sigari daga baki.

"Usman, me aka rubuta a nan?"

Usman ya dubi ƙasa.

"Kiyeshe ne, mushe. Kuma... a juye yake."

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara biyu ni ke karanta mai kowace takarda, in an rufe ƙofa. Ya ce ran da na faɗa, ran nan aikina ya ƙare."

Wata tsohuwa a bayan shinge ta rangaɗa guɗa, aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Sambo bai yi ba. Ya nuna bakin takalmin Sha'ibu da sanda, inda fari ya maƙale a cikin ɗinki, ya ajiye rariyar mai faci a gaban Babban Mushe.

"Takalmi ya samu, ranka shi daɗe, karatun ne bai zo da shi ba."

*

Babban Mushe ya ja Sha'ibu suka shiga buro, aka rufe ƙofa. Mutane suka tsaya suna jiran a fito da shi da igiya. Sai da rana ta take tsaka suka fito, suna tafe kafaɗa da kafaɗa.

Babban Mushe ya yi bayani da Faransanci, Usman ya fassara. Ba sata aka yi ba, an yi kuskuren wurin saukewa ne. Fadamar Tungar Yaro ma ƙasa ce, lambu ma ci gaba ne, don haka randa za ta zauna inda take. Makiyaya su yi haƙuri sai baɗi. Mani a sake shi, ba shi da laifi. Abu ɗaya ne ya ɓaci, rubutu, kuma ba a barin sunan gari a juye a kan kayan gwamnati. Mani ya je gobe ya gyara.

"Hannunsa hwa?" in ji A'i.

Ba a fassara wannan ba.

Wanda aka kora a makon nan Usman ne, saboda tona asirin buro.

*

Laraba, ranar da ya kamata kamyo ya tafi da shi, Mani ya hau jaki Sambo na ja, har fadamar Tungar Yaro. Maɗori ya ce yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasa ba. Sambo ne ya shafe rubutun da kore, suka zauna a inuwar giginya har ya sha iska. Mani ya kwana yana wanke rariyar mai faci da hannun hagu, idanunta sun buɗe.

"Riƙe nan, Fillo. Zaga da igiya. Ja, ba nonon saniya ba ne."

Sambo ya ɗaure, ya ja da baya ya duba, sai ya ce, "Kai, tsufa ya kama ka. Ja a hagu ka ce mini. Ga tuntu a dama."

"Na gani."

"Mani."

"Shekara ashirin ina tsoron marin kofur," in ji Mani. "Na kiyaye musu gaba da baya, ga abin da na samu." Ya ɗaga hannun mai tsumma. "Babban Mushe bai taɓa sauka daga hanyar mota ba. Farzidan kuwa ko ya kwana nan da tabarau huɗu, sai shi ce madalla."

"To wa zai gane?"

"Duk ɗan da anka sa lakwal, daga bana har randar ga ta ruɓe. Kowane zai tambaya, wa ya yi wanga? Sai a ba shi labari." Ya zuba farin fenti a bakin rariya, ya miƙa wa Sambo robar. "Ja ɗaya. Kada ka tsaya a tsakiya."

Sambo ya kama robar da hannu biyu, ya ja. Suka kware ƙyallen. Rubutun ya fito tsaf, ba ɗigo ko ɗaya, kowane harafi ya juya wa lambun baya.

Mani ya matso ya duba shi daga farko har ƙarshe.

"Ban taɓa buga mai kyan wanga ba," ya ce. "Ɗora ni bisa jaki, bawa."